Gilashin Babur Daga Agege

Bunkure,
3 ga Fabrairu.

Zuwa ga ƙanwata Halimatu Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abdulsamad da yara. Mu nan sai godiyar Allah. Mai ɗakina Zuliha tana gaishe ki da kyau.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ko shekaranjiya mun yi waya. Dalili shi ne a gidan nan yanzu ba ni da inda zan yi magana ba a ji ni ba. Shi ya sa na ba wa Jaji direba, mai kai tumatir Legas, ya miƙa miki hannu da hannu.

Da na ce miki zamewa kawai na yi, ban faɗa miki duka ba. Ranar Laraba bayan la'asar na ɗauki hanyar bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, zan je in rufe ƙofar ruwa ta uku. Kin san ƙananan ƙwarin nan da suke taruwa a saman ruwa idan rana ta yi sanyi. Ɗaya ya bi ta ƙarƙashin tabarau ya faɗa min ido. Na runtse, ban sake buɗewa ba sai a cikin ruwa, ni da babur. Masu cirar tumatir ne suka ciro ni. Kafaɗa ta bugu amma babu karaya.

An kai ni asibiti a Kano. Likitan ido ya daɗe yana haska ni, ya canja min tabarau, ya ba ni maganin ɗigawa safe da yamma, ya rubuta takarda da Turancinku na asibiti. Ya ce in bar hawa babur, kuma a gaban Zuliha ya faɗa. Tun da muka dawo mukullin babur ya ɓata. In na tambaye ta sai ta ce ita ma nema take yi.

Shekara goma sha tara ina buɗe wa manoman layinmu ruwa ina rufewa. Yanzu ƙungiyar manoma ta karɓi mukullin ƙofofin ta ba wa Mustapha, ɗan wan shugabanmu Alhaji Dattijo, wai kafin in warke.

Ga abin da nake so. Akwai wani gilashi mai maɗauri da masu tseren babur suke ɗaurawa, wanda yake rufe ido ta ko'ina, ba ƙwaro ba taɓo. An ce min akwai irin wanda yake hawa kan tabarau. A Kano an duba min ba a dace ba, duk wanda aka kawo tabarau ba ya shiga ciki. Ku a Legas ba ku rasa komai. In na same shi, Zuliha ba ta da sauran hujja.

Na ɗora tabarau a kan takarda na zagaye shi da biro don ki ga faɗinsa. Na kuma sa miki takardar likita, ki karanta ki gaya min ko kwana nawa zan yi ina ɗiga maganin nan, domin yana da zafi.

Yayanki,
Maharazu.

Agege, Legas,
10 ga Fabrairu.

Yaya Maharazu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya, sai aikin asibiti da ya yi mana yawa, ma'aikatan jinya biyu sun bar ɗakinmu ba a kawo wasu ba. Abdulsamad yana yi maka sannu. A gaishe min da Yaya Zuliha.

Jaji ya kawo saƙo, har da kwandon tumatir. Na gode.

Na je kasuwar masu kayan babur da zanenka a jaka. Su gogul suke kiransa, kuma ashe iri-iri ne. Mai shagon ya ce wanda zai hau kan tabarau dole ya zama mai zurfi, da 'yar tsaga a sosonsa ta kowane gefe inda hannun tabarau zai bi, in ba haka ba zai danne maka karan hanci. Ya ce a duba kafofin iska a sama da ƙasa, domin in babu su gumi zai rufe gilashin da tabarau gaba ɗaya. Ya kuma ce mai aikin asuba da yamma fari tas ya kamata ya saya, ba mai duhu ba. Ina nan ina dubawa, ba na son in yi gaggawa in aiko maka da abin da ba zai yi ba.

Maganin kuwa, Yaya, kada ka fasa ko sau ɗaya. Ba na kwanaki ba ne. In ya kusa ƙarewa a sayo wani tun kafin ya ƙare.

Ina da tambaya. Ka tuna shekarun Baba nawa lokacin da ya fara tuntuɓe da turmi a tsakar gida? Ni ina ƙarama sosai, ban riƙe ba.

Wataƙila hutun nan alheri ne. Ka bar Mustapha ya ci gaba tukuna, kai ka kula da kanka.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya.

Bunkure,
17 ga Fabrairu.

Sa'adiyya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Kafaɗa ta warke sarai, ina ɗaga hannu har sama.

Na karanta takardarki sau uku. Duk bayanin soso da kafofin iska na gane, kuma na gode. Amma layin ƙarshe shi ne ainihin saƙon, sauran duk rakiya ce. In bar Mustapha ya ci gaba. Wannan maganar, kalma da kalma, ita Zuliha take yi min kullum da safe in ta kawo koko. Ranar Lahadi na ji ta a bayan ɗaki tana waya, na ji sunana, na ji ta ce "to Anti Nas", yadda take kiranki. Amma ban zaci za ku haɗa baki a kaina ba, ke da na goya a kan keke na kai ki makarantar kwana.

Bari in gaya miki yadda Mustapha yake ci gaba. Yana buɗe ƙofa ta ɗaya da ta biyu, inda gonakin danginsa suke, ya bar su har ruwa ya yi ambaliya a hanya. Ƙofa ta biyar da ta shida, can ƙarshen layi, sai in ya tuna. Jiya Hananiya ya zo. Ba ki san shi ba, mutumin Filato ne, shekararsa goma sha biyu yana noma a ƙarshen layinmu. Ya zauna a zaure ya ajiye min albasa guda uku a kan tabarma, kowacce ba ta fi goro ba, ganyen ya kwanta. Ya ce, "Malam Maharazu, kwana tara ke nan ruwa bai iso mu ba."

Ni kuwa ina nan tsakanin ɗaki da zaure da masallaci. Ina jin babura suna wucewa, kowanne na san mai shi da ƙararsa. Nawa yana jingine a bayan rumbu, kaji sun fara kwana a kansa.

Kin tambayi Baba. Tsufa ne ya kama shi, ba ƙwaro ba. Ban ga abin da ya haɗa mu ba.

In ba za ki sayo ba ki faɗa min kai tsaye, in san inda na nufa.

Maharazu.

Bunkure,
2 ga Maris.

Ƙanwata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Mako biyu ke nan shiru. Jaji bai dawo ba, ke ma ba ki kira ba, ni kuma na ƙi kira saboda na san za ki ce a ba wa Zuliha wayar. Wannan takardar wani abokin aikinsa na ba wa. In maganata ta baya ta yi zafi, ki yi haƙuri. Zaman gida ne.

Na yi wani abu da ban gaya wa kowa ba. Ranar kasuwa na taka da ƙafa na sayi wani gilashin a wurin mai kayan babur, irin baƙin nan mai kauri. Ina da tsohon mukulli a cikin aljihun jakar takarduna, Zuliha ba ta san da shi ba. Ranar Alhamis ta tafi barka, na turo babur na tayar.

Sa'adiyya, minti biyar na farko kamar an kwance ni daga turke. Na ji warin ruwa, na ga alkama ta fara ja. Daga nan abin ya lalace. Ya danne tabarau a kan hancina har ƙwalla ta fito. Kafin in kai kwalbati gumi ya rufe komai, sai da na tsaya na goge sau biyu. Duk abin da mai shagonku ya faɗa gaskiya ne.

Mafi muni, bakinsa yana da kauri, ya toshe min gefe. Wata mata, Talatu mai tallan fura, ta fito daga hanyar gona ta hannun dama, ban gan ta ba sam sai da madubina ya bugi ƙwaryarta. Allah ya tsare, ita ba ta ji ciwo ba, furar ce ta zube. Ta tsaya tana kallona ta ce, "Malam, tun daga can nake ɗaga maka hannu." Na ba ta haƙuri, na tura babur da hannu har gida.

Don haka in kin tashi saye, ki nemi mai faɗi sosai, wanda ba zai tare min gefe ba. Laifin wannan ne, na jefa shi a rumbu.

Albasar Hananiya rabi ta tafi. Jama'ar ƙarshen layi sun ce za su je wurin Alhaji Dattijo su nemi a mayar min da mukulli. Ban san me zan ce musu ba in suka tambaye ni yaushe zan fito.

Yayanki,
Maharazu.

Agege, Legas,
9 ga Maris.

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdulillahi. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso ni. Motar Jaji ce ta lalace a Mokwa, ya kwana goma a can, tumatir ya ruɓe masa, taka takardar tana cikin aljihunsa. Ni kuma da na ji shiru na ɗauka fushi kake yi, shi ya sa ban kira ba.

Na karanta labarin matar nan mai fura a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna. Yanzu zan faɗa maka abin da ya kamata in faɗa tun farko.

Gilashin yana wurina. Tun ranar da na fara zuwa kasuwa na saye shi. Makonsa huɗu a ƙarƙashin gadona. Ƙarya na yi maka da na ce ina dubawa.

Takardar da ka aiko, na kai wa likitar ido ta asibitinmu ta karanta. Yaya, kana da hawan jinin ido. Ciwo ne da yake cin gani a hankali, daga gefe yake farawa yana matsowa tsakiya, ba zafi ba ƙaiƙayi, shi ya sa mutum ba ya sani. Idonka na dama ya riga ya yi nisa. Abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa yana tsare abin da ya rage ne kawai. Yana bin jini, kuma ina kyautata zaton shi ne ya kama Baba muka ce tsufa ne. Ni ma na sa an auna nawa.

Ba bakin gilashin ne ya ɓoye maka matar nan ba.

Yaya Zuliha ba ta san wannan ba. Wayar da ka ji, ita ta kira ni tana kuka, wai kana ƙin ɗiga na yamma. Ba mu haɗa baki ba. Ita tsoro ne ya sa ta ɓoye mukulli, ni kuma tsoro ne ya sa na ɓoye magana. Na so in zo in faɗa maka ido da ido. Sau biyu ina neman hutu ana hana ni saboda ƙarancin ma'aikata. Haka na kasa zuwa lokacin jinyar Baba, ina nan ina jinyar iyayen wasu. Kullum in na dawo daga aiki sai in ciro kwalin gilashin in duba in mayar.

Kada ka yarda da maganata kawai. Ka zauna a tsakar gida da rana, da tabarau a idonka. Ka rufe idon hagu da tafin hannu, ka kafa na dama a kan abu guda, kada ka juya kai. Ka ce Yaya Zuliha ta taho a hankali daga hannun damanka. Ka lura da inda za ta kai kafin ka gan ta.

Ga gilashin nan na ba wa Jaji. Fari ne tas, mai zurfi, da tsaga a soson, da kafofin iska, kuma shi ne mafi faɗi a duk layin shagunan. Na gwada shi a kan zanenka ya rufe shi da rara. Maɗaurin yana zagaye hular kwano, in ya yi sako-sako akwai inda ake ja. Kada a goge cikinsa da bakin riga, akwai ƙyallensa a kwalin.

Na aiko ne don kai ba yaro ba ne, bai kamata in riƙe maka abinka ba. Amma ina roƙonka don Allah, ka yi gwajin nan kafin ka taɓa babur.

Ka yafe min.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya.

Bunkure,
27 ga Maris.

Ƙanwata Halimatu Sa'adiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kina lafiya, ke da Abdulsamad da yara. Mu nan lafiya. Zafi ya shigo sosai, an gama yankan alkama. Na ga kiranki sau da yawa ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne, ban san da wane baki zan yi magana ba.

Saƙo ya iso. Kwana biyu ban buɗe kwalin ba. A na uku, bayan azahar, na kira Zuliha na ce ta je bakin rijiya ta tsaya, ta taho a hankali in na ce ta taho. Ta ce, "Malam, wane irin wasa ne wannan?" Na ce ta yi kawai. Na zauna a kan turmi, na rufe idon hagu, na kafa na dama a kan ƙusar da ke jikin ƙofar ɗaki. Na ce ta taho. Na jira. Da na ga ta daɗe sai na ce, "Ki taho mana."

Ta ce, "Ai ga ni."

Muryar a kusa da kunnena take. Tana tsaye dab da kafaɗata, har ina jin ƙamshin hayaƙi a zanenta, amma a idona babu kowa a wurin, sai ƙusa da ƙofa. Na sauke hannu. Ta dube ni, na dube ta. Na ba ta takardarki ta karanta a tsaye. Da ta gama ta shiga ɗaki, ta buɗe tukunyar da take ajiye daddawa, ta ciro mukullin babur ta ajiye a gabana. Ta ce, "Da na san wannan ne, da ban ɓoye ba. Da na bar ka ka ajiye da kanka."

Gaskiya likitan Kano ya yi min bayani a ranar, kafin Zuliha ta shigo. Na ji ya ambaci gefe, na ji ya ambaci shekaru. Ni ne na zaɓi abin da zan riƙe.

Daga baya na gwada gilashin. Ya zauna daram. Tabarau ya shige ciki kamar don shi aka yi, bai taɓa min hanci ba, na zagaya gida cikin rana ko ɗigon gumi bai taru ba. Kin iya zaɓe. Na tsaya a tsakar gida da shi a fuska kamar mai shirin tafiya, babur yana gabana, mukulli a hannuna. Daga nan na cire na mayar kwali.

Ranar Asabar aka yi taron ƙungiya. Jama'ar ƙarshen layi suka ce a mayar min da mukullin ƙofofi. Alhaji Dattijo ya ce, "To Malam Maharazu, ka warke?" Na miƙe na faɗa musu gaskiya, cewa ba zan sake tuƙa babur ba har abada. Sai Hananiya ya ce, "Mu ba tuƙinsa muke nema ba. Shi ya san awa nawa kowace ƙofa take sha. Ni zan riƙa ɗaukarsa." Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka ce a gwada zuwa saukar damina.

Yanzu kullum bayan asuba yana zuwa ya tayar da babur ɗina, in ɗaura gilashinki in hau baya. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana min ciwo. Ba ya kauce wa ramukan da nake kauce wa, yana taka birki inda ba a takawa, ni kuwa ina riƙe da rigarsa ina haɗiye magana. Ranar Lahadi yana coci, ranar sai in zauna in jira shi har azahar. In matarsa ba ta da lafiya ko yana da kasuwa, ba fita. Mutumin da ya yi shekara goma sha tara bai nemi izinin kowa ba, yau sai in zauna a zaure ina sauraron takun wani.

Amma ruwa ya kai ƙofa ta shida. Na tsaya na ga ya shiga gonar Hananiya, kwami ɗaya bayan ɗaya. Albasar da ta mutu ta mutu, ya ce zai zuba masara a wurin.

Babu abin da zan yafe, ke ce za ki yafe min maganar haɗa baki. Ina ɗiga magani safe da yamma, Zuliha ce take ɗiga min, ba na gardama. Ba ki gaya min sakamakon awon naki idon ba, ki gaya min.

Saura tambaya guda. Ki koma wurin likitarku da takardar nan, ki tambaye ta idon hagu. In na kiyaye magani, shekara nawa take ganin zai kai ni? Akwai abubuwan da nake so in shirya, kuma akwai wanda zan koya wa aikin ƙofofin nan tun ina ganinsu. Duk abin da ta ce ki rubuto min shi yadda ta faɗa, kada ki zagaya, kada ki jira sai kin sami hutu. Ki yi da manyan baƙaƙe.

Yayanki,
Maharazu.